Magangarar Ruwa: Inda Bincike Ya Faro Da Inda Ya Karkata

Gabatarwa

Duk ruwan saman da ya sauka ƙasa yana da inda ya nufa. Wani ya nutse, wani rana ta shanye shi, saura kuma ya bi gangare yana neman kwari. Faɗin ƙasar da ruwanta ke tattaruwa ya fita ta gulbi ɗaya shi ne za a kira magangarar ruwa a cikin wannan takarda. Tudu ne ke shata iyakarta, wato doron ƙasar da idan ruwa ya faɗi ta wannan gefe ya nufi gulbi kaza, idan ya faɗi ta wancan ya nufi wani. Saboda haka babu ruwan magangara da iyakar gari ko ta ƙasa. Gulbin Maraɗi, alal misali, daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya ratsa Maraɗi, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa cikin Rima. Mutumin da ya sassabe daji a can sama da wanda ke noman rani a fadamar ƙasa ba su san juna ba, amma ruwa ɗaya ya haɗa su.

Manufar wannan takarda ita ce a nuna wa ɗalibi yadda rubuce-rubucen masana kan kula da magangarar ruwa suka riƙa sauya alƙibla tun farkon ƙarni na 20, da irin tambayoyin da suka fi damun masu bincike a kowane zamani. An fi ɗauko misalai daga yankin Sahel, domin nan ne aka yi wasu daga cikin binciken da suka girgiza tunanin masana a wannan fanni.

Zamanin awo

Binciken farko na masu awo ne. Tambayarsu ita ce: ruwa nawa ya zuba, nawa ya gudu, ƙasa nawa ya kwashe? A jihar Kolorado ta Amurka, a wani wuri da ake kira Wagon Wheel Gap, an yi wani gwaji daga 1910 zuwa 1926 wanda ya zama abin koyi. An zaɓi ƙananan magangarai biyu masu maƙwabtaka da juna, aka yi shekaru ana auna ruwan da ke fita daga kowace, sannan aka sare itatuwan guda aka bar ɗayar, aka ci gaba da awo. An maimaita irin wannan gwaji a ƙasashe da dama. A 1982 wasu masana biyu, Bosch da Hewlett, suka tattara sakamakon gwaji 94, suka nuna cewa sare daji yakan ƙara yawan ruwan da ke fita daga magangara a shekara, dasa shi kuma yakan rage. Wannan ya saɓa wa abin da jama'a suka saba ji, amma dalilinsa a fili yake: itace yana shan ruwa da saiwarsa ya fitar da shi ta ganye. Alherin daji yana ga riƙe ƙasa da rage saurin gudun ruwa da ba shi damar nutsewa.

A ɓangaren zaizayar ƙasa kuwa, Wischmeier da Smith sun fitar da wani lissafi a 1965, suka sabunta shi a 1978. Lissafin yana haɗa ƙarfin ruwan sama, da irin ƙasa, da tsawon gangare da tsananinsa, da abin da ya rufe ƙasar, da dabarar da manomi ya yi don kare ta, sai ya ba da kimanin ƙasar da za a rasa a hekta guda a shekara. An gina shi a kan ƙananan filayen gwaji masu tsawon mita 22 a gonakin Amurka, amma har yanzu da shi da ƴaƴansa ake aiki a ko'ina, har a wuraren da kwazazzabo da iska ne ke cin ƙasa, abubuwa biyu da lissafin bai san da su ba.

A Afirka ta Yamma, masanan hukumar binciken Faransa ta ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998, su ne suka kafa ma'aunai a ƙananan magangarai tun shekarun 1950. A 1965 Rodier da Auvray suka wallafa hanyar ƙiyasta ambaliyar da ake sa ran ganinta sau ɗaya a shekara goma, a magangarar da ba ta kai murabba'in kilomita 200 ba. Masu gina gadoji da ƙananan madatsun ruwa sun daɗe suna dogaro da ita. Abin lura a nan shi ne an yi waɗannan awo ne a shekarun damina mai albarka, lokacin da daji ke nan da ƙarfinsa. Za a ga muhimmancin wannan a gaba.

A duk rubutun wannan zamani, manomi da makiyayi ba su cika fitowa ba, sai dai a matsayin masu ɓata ƙasa.

Bayan fari

Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun sauya komai. An kafa ƙungiyar CILSS a 1973, da cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974. A watan Yuni na 1985 kogin Isa ya tsaya cik a Yamai. Kuɗin agaji ya shigo, tare da manyan shirye-shiryen farfaɗo da ƙasa, bincike kuma ya bi sawunsu. Mafi shahara a Nijar shi ne shirin Keita a ƙasar Adar, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, ana biyan ma'aikata da abinci. An jera duwatsu a gangaren tsaunuka, an haƙa ramuka a kan faƙo, an datse ƙoramu, an dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan masu aikin mata ne, domin maza sun tafi cin rani. Kafin wannan ma, tun 1975 aka fara dasa layukan itatuwa a kwarin Majiya don tare iska.

Rahotannin farko na irin waɗannan ayyuka ƙidaya ce zalla: hekta kaza aka gyara, itace kaza aka dasa, mita kaza na dutse aka jera. Daga baya ne masu bincike suka fara komawa bayan shekaru suna tambayar abin da ya rage. Amsar da aka samu a wurare da yawa na Afirka da Asiya ba ta yi daɗi ba. Inda aka kawo manyan motoci aka yi wa mutane aiki ba tare da shawararsu ba, da zarar shiri ya ƙare sai ginin ya rushe, ba mai gyarawa, domin ba wanda ya ɗauke shi nasa.

Misalin Illela, a jahar Tawa, ya nuna wata hanyar. A 1989 wani shiri na asusun IFAD ya kai wasu manoma ziyara Yatenga ta Burkina Faso, inda suka ga yadda manoma irin su Yakuba Sawadogo suka inganta tsohuwar dabarar haƙa ƙananan ramuka a faƙo. Mutanen Adar sun san dabarar, tassa suke ce mata. Abin da suka ƙaru da shi shi ne faɗaɗa ramin da zurfafa shi, da zuba masa taki tun da rani. Takin yana jawo gara, garar ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ramin ya nutse maimakon ya gudu, sai a shuka hatsi ko dawa a ciki. Da suka dawo suka gwada, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Binciken da aka wallafa a 2000 kan Illela ya ba da labarin wani abu da ba a zata ba: faƙon da a da ko kyauta ba a so, sai ga mutane suna saye da sayar da shi. A ƙasar Maraɗi kuma, tun daga 1983 Tony Rinaudo ya riƙa jan hankalin manoma su daina tone kututturen itatuwan da ke tohowa a gona, su zaɓi ƴan rassa su rena. Wannan shi ne sassaben zamani. Sai bayan shekara ashirin, da Gray Tappan da Chris Reij da abokan aikinsu na Nijar suka gwama tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan adam, aka gane girman abin: kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a jahohin Maraɗi da Damagaram, mafi yawansu gawo da ire-irensa. Abin ya faru a gaban idon kowa, amma rubutun masana bai gan shi da wuri ba, saboda an fi ƙidaya itacen da shiri ya dasa a kan wanda manomi ya rena.

Daga nan kalmomin bincike suka sauya. Aka shiga maganar sa hannun jama'a, da sanin gargajiya, da mallakar ƙasa. A 1990 Elinor Ostrom ta wallafa littafinta kan yadda al'ummomi ke tafiyar da dukiyar da suka yi tarayya a kanta, kamar makiyaya da ruwa da daji, ba tare da sun cinye ta ba. Ta sami kyautar Nobel a 2009. Taron Dablin na watan Janairun 1992 ya fitar da ƙa'idoji huɗu: ruwa yana da iyaka, a sa masu amfani da shi cikin shawara, mata suna da babban matsayi a harkarsa, kuma yana da daraja ta kuɗi. Ta huɗun ce ta fi jawo gardama. Indiya ta zama babbar makarantar wannan salo, musamman bayan ƙa'idojin da gwamnatinta ta fitar a 1994, waɗanda suka ɗora aikin magangara a hannun kwamitocin ƙauye. A Nijar ma dokar tsarin karkara ta 1993 ta shigo da kwamitocin kula da filaye.

Na sama da na ƙasa

Jigon da ya fi kowane zafi shi ne rabon ruwa tsakanin na sama da na ƙasa. Fadamun Haɗeja da Nguru su ne misalin da littattafai suka fi ambata daga wannan yanki. An kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Calawa kuma a 1992, don noman rani da ruwan shan birnin Kano. Ambaliyar da ke shayar da fadamun ƙasa duk shekara ta ragu, kuma ruwan da ake saki da rani ya sa ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Masana irin su Hollis da Adams da Aminu-Kano sun bayyana raguwar ambaliyar a 1993. Edward Barbier da abokan aikinsa kuma suka yi abin da ba a saba yi ba a lokacin: suka yi wa shinkafa da kifi da itacen wuta na fadama kuɗi, suka gwada da ribar noman rani na sama. Lissafinsu ya nuna cewa abin da aka rasa a ƙasa ya fi abin da aka samu a sama nesa ba kusa ba. Wannan ruwa shi ne ke zama Komadugu Yobe, wanda masu noman tattasai na Difa ke jira kowace shekara.

A 1990 Nijar da Najeriya suka rattaba hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar rabon ruwan magangarai huɗu da suka yi tarayya a kansu: Majiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da ƙarshen Komadugu Yobe. Rubutu kan manyan hukumomi, kamar ta tabkin Cadi da aka kafa a 1964 da ta kogin Isa da aka sake wa fasali a 1980, yana da yawa. Na waɗannan ƙananan gulabe huɗu kaɗan ne, alhali kuwa Hausawa da yawa suna zaune a bakinsu.

Daga yi wa ruwa kuɗi aka wuce zuwa tunanin na ƙasa ya biya na sama don ya kula da daji. Birnin New York ya yi haka da mazauna tsaunukan Catskill a 1997, Kosta Rika ta fara nata tsarin a wannan shekara, Nairobi kuma ta kafa asusun kogin Tana a 2015. Tsari ne da ke buƙatar mai kuɗi a ƙasan gulbi, shi ya sa bai yi nisa a Sahel ba.

Abin mamakin Sahel

Hankali zai ba mutum cewa idan ruwan sama ya ragu, na gulbi ma zai ragu. A 1987 Jean Albergel ya lura da akasin haka a wasu ƙananan magangarai na Burkina Faso: a shekarun fari ruwan da ke gudu ya ƙaru. Daga baya aka tabbatar da haka a gulaben Gorouol da Dargol da Sirba, waɗanda ke zubowa cikin kogin Isa ta hannun dama kafin Yamai. Luc Descroix da wasu masana sun yi rubutu mai yawa a kan wannan lamari. Bayaninsu shi ne: idan ciyawa da itatuwa suka kau, ko ta fari ko ta gatari, ɗigon ruwa yana dukan ƙasa kai tsaye, ya daɓe fuskarta ta yi ɓawo mai tauri. Ruwan da a da yake nutsewa sai ya zame ya bi gangare, ya yanka kwazazzabo, ya kwashi yashi ya kai gulbi.

Kogin Isa a Yamai yana cika sau biyu. Akwai baƙar cika, wadda ke zuwa da sanyi da ruwan da ya taso daga Gini ya daɗe a hanya, akwai kuma jar cika ta watannin Agusta da Satumba, mai launin jar ƙasar da gulaben kusa suka kwaso. A da baƙar ce babba. A ƴan shekarun nan jar ta sha gabanta, ita ce ta ci unguwannin bakin kogi a 2010 da 2012 da 2020. Wani abin mamakin kuma yana ƙarƙashin ƙasa. A gabashin Yamai, inda ruwa ba ya isa kogi sai dai ya taru a tabkuna, Leduc da Favreau sun nuna cewa ruwan rijiyoyi ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da ƙarancin damina, domin ruwan da ya gudu daga gonaki ya cika tabkuna, daga gindinsu kuma ya nutse.

Masana ba su gama daidaitawa kan dalili ba. Wasu sun fi ɗora laifin ga sassabe da gajarta hutun gona, wasu ga itatuwan da fari ya kashe a kan tudun dutse inda ba a noma. A 2017 Christopher Taylor da abokansa suka ƙara wani zance: hotunan tauraron ɗan adam sun nuna cewa manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Ke nan ruwan ya koma zuba da ƙarfi cikin ɗan lokaci a kan ƙasar da ta riga ta daɓe. Ko ma wanne ya fi ƙarfi, sakamakon ɗaya ne ga mai gina gada: lissafin da aka ɗora a kan awon shekarun 1950 da 1960 ya yi wa ambaliyar yau kaɗan.

Tabkin Cadi ma ya koyar da irin wannan taka tsantsan. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya rabu biyu a 1973, ya tsuke ƙwarai a shekarun 1980. Hotunan wancan lokaci sun bazu duniya har aka ɗauka tabkin na gab da ƙafewa. Binciken da Pham-Duc da abokansa suka wallafa a 2020 ya nuna cewa a shekaru ashirin da suka gabace shi tabkin bai ci gaba da raguwa ba, kuma wani ɓangare na ruwansa yana ɓoye a ƙarƙashin ciyayi inda hoton farko ba ya gani.

Kwamfuta da tauraron ɗan adam

Idan aka duba mujallun wannan fanni daga shekarar 2000 zuwa yau, abin da ya fi cika su shi ne kwaikwayon magangara a cikin kwamfuta. Manhajar SWAT, wadda Jeff Arnold da abokansa suka gina a Texas a shekarun 1990, ita ce ta fi yaɗuwa. Ana ba ta taswirar tudu da kwari, da ta ƙasa, da ta shuke-shuke, da lissafin ruwan sama, sai ta ƙiyasta ruwa da laka da za su fita, har a tambaye ta me zai faru idan an dasa daji ko zafi ya ƙaru. Da aka buɗe hotunan Landsat kyauta a 2008, aikin ya ƙara sauƙi. Sauyin yanayi da ingancin ruwa da sauyin amfani da ƙasa suka zama manyan jigogi. Masu rubutu daga Amurka da Sin da Indiya su ne suka fi yawa. Sin ta shigo da ƙarfi bayan aikin farfaɗo da tudun Loess da aka fara a 1994, da shirin mayar da gonakin gangare daji da ya biyo bayan ambaliyar kogin Yangtze ta 1998. A Afirka, Habasha ce ta fi jan hankalin masu wannan aiki.

Amfanin waɗannan kayan aiki ba ya ɓoyuwa, da su aka ga itatuwan Maraɗi. Sai dai manhaja tana buƙatar awon gaskiya da za a gwada ta da shi, ma'aunan ruwa kuwa da yawa a Afirka ta Yamma sun lalace tun shekarun 1980 ba a maye gurbinsu ba. Yau mutum yana iya rubuta maƙala kan gulbin da bai taɓa tsayawa a bakinsa ba. Irin wannan rubutu yakan nuna inda ƙasa ke zaizayewa daidai, amma ba ya faɗin gonar wa ce, ko burtalin wa za a toshe idan an killace tudun don dasa itace. Makiyaya su ne suka fi shan wannan mantuwa.

Maganar harshe

Kusan duk abin da aka ambata a sama da Ingilishi ko Faransanci aka rubuta shi, amma Hausa ta kutsa cikinsa ta bayan gida. Fadama ta shiga rubutun Ingilishi yadda take, har ta zama sunan wani babban shirin noman rani a Najeriya tun farkon shekarun 1990. Gulbi da kori da tassa sun zauna a rubutun Faransanci na Nijar, kamar yadda dallol ta shiga daga Fulatanci. Masanan sun ari kalmomin ne saboda nasu ba su kama ma'anar ba. Fadama ba kowace ƙasa mai dausayi ba ce, ƙasa ce da ruwa ke kwanciya a kanta da damina ya janye ya bar laima ta noman rani. Gulbi a bakin mutumin Maraɗi ya haɗa hanyar ruwan da faffaɗan kwarin da ke gefenta, ko da ruwan ya ƙafe wata takwas. Bahaushe ya bambanta jigawa da faƙo da laka da tsakuwa, kuma kowace da yadda take karɓar ruwa.

Ɗalibin da aka ba fassarar takardar wani shiri don gidan rediyo ko taron ƙauye zai tarar da wahalar tana wani wuri dabam. Rabin wata, sunan ramin da ake haƙawa a gangare don tare ruwa, fassara ce da ta zauna nan da nan, domin ido na ganin siffar. Ita kuwa magangara, a matsayin yanki guda mai iyaka wanda ya haɗa garuruwan da ba sarki ɗaya suke bi ba, ba ta da tsayayyen suna da kowa ya yarda da shi. Wasu na cewa kwarin gulbi, wasu matattarar ruwa, wasu su kewaye da dogon bayani. Kwari yana nuna ƙasan ne kawai ya bar tudu, alhali a tudun ake yawancin aikin. Matattara kuma tana kai hankalin mai sauraro ga tabki. An zaɓi magangara a nan saboda tushenta, gangara, yana riƙe da tafiyar ruwan tun daga doron tudu har bakin gulbi.